Masakin da Nomau Ya Kai Asibiti

A ƙauyen Rafin Kanya, daura da maƙera, akwai wani gida mai dangar kara. Mutum uku ne a cikinsa: Inna Yalwa, da ɗanta Nomau, da matarsa Delu. Nomau ya ba arba'in baya. Manomi ne mai ƙwazo, ba ya ƙarya, ba ya faɗa, ba a taɓa jin ya ɗauki na wani ba. Aibinsa guda ne, yadda ka faɗa masa magana haka zai ɗauke ta, ba ragi ba ƙari. In ka ce ya riƙe maka akuya har ka dawo, ka manta ka wuce cin kasuwa wani gari, to ko kwana ka yi, nan za ka tarar da shi da igiya a hannu. Mutanen gari suna ce masa wawa. Uwarsa ma tana faɗa, amma kada Allah Ya sa wani ya faɗa a gabanta.

Inna Yalwa kuwa ita ce gwanar alkaki da nakiya da dubulan a duk yankin. Shekara talatin ba a kai garar amarya gidan miji ba sai ta bi ta hannunta. Da ƙarfi ya ja baya ta ajiye tuya, amma baki bai ajiye aikinsa ba, tsakanin karin kumallo da abincin rana sai ta motsa shi sau biyar. Da kaka ta kama sai aka ga tana ramewa, ga ƙishirwa, ga yawan zagayawa. Aka kai ta ɗakin shan magani na garin. Ma'aikaciyar wurin, Malama Atine, wadda kowa yake kira Likita, ta soki yatsan Inna, ta duba na'ura, ta ce ciwon suga ne. Ta ba da ƙwayoyi, ta nuna wa Delu yadda za ta rage malmalar tuwo ta ƙara ganye, sannan ta ce, "Sati shida zan ba ki, Inna. In bai sauka ba sai na tura ki babban asibiti, su ɗora ki kan allura kullum. Ita kuma allurar tana son wurin sanyi, da mai iya karanta awo."

Kowa ya san inda maganar ta dosa. Hansatu, babbar 'yar Inna da ke aure a birni, ita ce mai firji, kuma ta daɗe tana cewa ba a barin tsohuwa a hannun Nomau. Inna ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni amarya, daga nan za a ɗauke ni zuwa makwancina." Nomau kuwa ranar bai iya cin tuwo ba. Tun da aka haife shi bai taɓa wayar gari bai durƙusa a ƙofar ɗakinta ya gaishe ta ba, kuma tsoro ya kama shi ƙwarai.

Wata rana Likita ta kira shi ta ce, "Tuwo yana hannun Delu. Kai mai zuwa kasuwa, abin motsa baki yana hannunka. Ka fara da soyayyiyar gyaɗa, ba ta tayar da suga sosai. Amma cikin tafin hannu ɗaya a wuni, kamar haka." Ta buɗe tafinta ta nuna masa. Nomau ya ƙura wa hannun ido, ya ce to. Kashegari da hantsi sai ga shi a layin marasa lafiya, tsakanin mai tari da mai goyo, da ƙullin gyaɗa a kafaɗa. Da layi ya zo kansa Likita ta ce, "Me ke damunka?"

"Lafiyata ƙalau. Hannunki na zo ara."

Ta yi dariya ta auna masa, a zatonta na rana ɗaya ne. Da ta gan shi a rana ta uku sai ta ce, "Nomau, ba sai nawa ba. Hannun kowa ma ya yi." Ya koma gida ya faɗa wa Inna yadda aka yi. Ita kuwa suga bai taɓa mata ƙwaƙwalwa ba. Ta ce, "Tunda na kowa ya yi, leƙa wurin Barmo." Barmo maƙeri ne, hannunsa kamar faifai, damƙarsa ɗaya rabin kwano ce. Inna ta kwana biyu tana shagali kafin Delu ta kai tsegumi. Likita ta aiko da gyara, cewa hannun mai ci ake nufi. Inna ta buɗe ɗan tafinta ta dube shi, ta ce Allah Ya isa tsakaninta da masu kai rahoto.

Wata rana Inna ta ture gyaɗar ta ce, "Kullum gyaɗa, kullum gyaɗa, ni kurege ce?" Nomau ya kai ƙara wurin Likita. Ta ce, "Tana da gaskiya. Akwai dafaffen ƙwai, akwai awara, akwai ƙuli-ƙuli, da gauta, da kindirmo ba suga. Ka riƙa sauya mata. Abin da ka ba ta, kada ka maimaita." Nomau ya riƙe wannan da hannu biyu. Tunda ba ya rubutu, duk abin da Inna ta ci sai ya soke alamarsa a jikin danga: ɓawon ƙwai, hancin gauta, ledar awara, ƙafar fara, ƙayar busasshen kifi. Kwanakin farko Inna ta ji daɗi, yau kwaɗon zogale, gobe gurji da yaji, jibi tsire tsinke biyu, gata soyayyen riɗi. Ana shiga sati na biyu kasuwar Rafin Kanya ta ƙare masa. Ya hau keke ya ci kasuwa uku, ya dawo da cuku daga wurin Buzaye, da guntun kwakwa, da dambun nama, da wani ganye da ko mai sayarwar ba ta tabbatar da sunansa ba. Ranar da ya ajiye mata ɗanyar kuɓewa guda biyar a faranti, Inna ta daɗe tana kallonsa.

"Ɗan nan, dafa mini ƙwai ɗaya mana."

Nomau ya je ya duba danga, ya dawo. "Kin ci ƙwai, Inna. Ga ɓawonsa can."

"Yau kwana goma sha biyu fa."

"Likita ta ce kada a maimaita."

Kaji suna ta saka ƙwai a akurki, Inna tana kallonsu tana cin kuɓewa. Ita ba ta son zuwa wurin Likita don kada a sake soka mata yatsa, shi kuma bai ga abin tambaya a maganar da ta fito fili ba, sai dokar ta zauna daram.

Wata rana Hansatu ta aiko da kilishi mai kyau daga birni, ta biyo shi da waya. Ta ce, "Nomau, ka buɗe kunnenka. Kiyashi ya san suga fiye da kowa. Duk abin da ka ga kiyashi na bi, kada ka ba Inna." Nomau ya ce, "To, Yaya." Ya ɗauki kilishin gaba ɗaya ya kai bakin ramin kiyashi a gindin rumbu, ya shimfiɗa, ya tsuguna yana jiran hukunci. Kiyashi kuwa da ba su taɓa ganin irin wannan arziki ba suka yi gayya. Kafin azahar kilishi ya zama baƙi ƙirin. Ya gwada kifi, suka bi. Ya gwada ƙuli-ƙuli, suka bi. Abin da suka shinshina suka ƙi shi ne ganyen lansir, shi ya kawo wa Inna cikin murna. Da ta ji inda kilishinta ya tafi sai ta miƙe da muciya, ta zagaya rumbu da shi sau biyu, abin da rabonta da yi tun yana ɗan shekara tara. Likita da ta ji labari ta ce a bar kiyashi su yi aikinsu ita ta yi nata, amma gudun da Inna ta yi, wannan kam magani ne.

Wata rana 'yan dubiya suka fara yawa, kowa da ɗan abin hannunsa, kuma abin hannun ɗan dubiya ba ya wuce burodi da lemon kwalba da rake. Likita ta ce wa Nomau, "Kada ka bar abin zaƙi ya shigo gidan nan." Ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zama mai gadi. Sai dai tun yana yaro Inna ta koya masa cewa ba a mayar da hannun kyauta baya. Ga doka ta hana shiga, ga doka ta hana komawa. Nomau ya yi tunani iyakar nasa, ya ga hanya ɗaya ce ta rage. Duk wanda ya kawo abu sai ya karɓa da hannu biyu, ya cinye a gabansa, ya ce, "Inna ta gode." Ranar Juma'a ya ci burodi biyu, lemo uku, rake kara huɗu, da ƙwaryar fura da ƙanwar babansa ta damo da zuma. Da la'asar aka same shi kwance a zaure yana nishi, ciki kamar tulu, amma ko ƙwayar suga ba ta wuce shi ba.

Abin da bai tsare ba shi ne danga. Lokacin bukukuwan kaka ne, aure bakwai aka sa a garin, kuma babu uwar amaryar da za ta yarda a kushe garar 'yarta a gidan miji. Duk wadda ta kwashe kaskon farko sai ta shiga gidan Uwani maƙwabciya, ta ɗaga faifai saitin danga ta ce, "Inna Yalwa, ji mana ko ya yi." Inna ta miƙa hannu ta gutsura, ta tauna, ta ce tsami ya yi kaɗan, ko zuma ba ta ratsa ba. A je a gyara, a dawo ta sake ji. Nomau ya gani ya taso.

"Inna, Likita ta ce kada ya shigo."

"Ka ga ya shigo?"

Ya leƙa, ya ga faifai yana ɓangaren Uwani. "Bai shigo ba."

"To. Kuma ni ba ci nake ba, gyara musu nake yi."

Nomau ya koma zaurensa hankali kwance. Kada ku yi masa dariya shi kaɗai. Delu da take da ido a tsakar ka ita ma tana gani, Uwani tana gani, kuma duk garin babu wanda ya taɓa lissafa ɗanɗanon gwana a cikin ci. Ita kanta Inna da za a ba ta Alƙur'ani za ta dafa cewa rabonta da zaƙi tun ranar da aka soki yatsanta. An ce sabo turken wawa, ba a dai faɗi wane wawan ba.

Da sati biyar ya cika aka koma awo. Likita ta duba na'ura, ta sake dubawa, fuskarta ta canza. Suga yana nan inda yake. Ta tambayi tuwo, Delu ta kwatanta malmala. Ta tambayi ƙwaya, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ta tambayi abin motsa baki, Nomau ya jero su tiryan-tiryan, babu na zargi ko ɗaya. Likita ta yi ajiyar zuciya ta ce, "To, wataƙila ƙwayar ce ta gaza. Saura sati ɗaya. Nomau, duk abin da ya shiga bakinta tsakanin abinci da abinci, ka ajiye mini irinsa, daidai yadda ta ci, ka kawo ranar awo in gani da idona." Ita a ranta ɗan faranti take hange. Da yamma Hansatu ta bugo waya ta ce ranar awo za ta zo da mota, a ɗaure wa Inna kayanta.

Wata rana, wato kashegari, Nomau ya sauko da babban masakin da Delu take jiƙa gero a ciki, ya bar zaure, ya bar gona, ya zauna a bayan Inna. Ta ci gauta biyu, ya jefa gauta biyu. Ta ɓantari goro, ya jefa ɓarin goro. Ta tauna asuwaki, ya karya guntun asuwaki ya jefa. Can sai ga faifai ya leƙo ta danga. Inna ta gutsuri alkaki, sai ga wani hannu ya bi bayan nata ya gutsuri daidai shi.

Uwani ta ce, "Nomau, garar amarya ce fa."

"Likita ta ce."

"Ai ɗanɗanawa kawai ta yi."

"Ya shiga bakinta ko bai shiga ba?"

Haka aka yi sati guda, mata suna tsine masa a ɓoye, wai yana yi wa kayan biki gibi biyu maimakon ɗaya. Inna ta zage shi, ta roƙe shi, ta ce zai sa ta ji kunya a gari. Shi dai in ta gutsura ya gutsura. Ita kuma ba ta iya korar mai faifai, don a ganinta ranar da aka daina kawo mata ɗanɗano, ranar ta zama tsohuwar banza.

Ranar awo Hansatu ta iso da mota tun da hantsi, aka sa ƙullin kayan Inna a baya. Inna ta tsaya ta dubi ƙofar ɗakinta, ta share ido da bakin mayafi ta shiga. Nomau ya ce shi da ƙafa zai je, don masaki ba zai shiga mota ba. Suna zaune a gaban Likita sai ga shi ya shigo da masaki a ka, gumi na zuba, ƙudaje na yi masa rakiya, kifin ranar Talata kuma ya riga shi sallama. Marasa lafiya suka toshe hanci. Kunya ta kama Hansatu, ta ce, "Kin gani ko, Likita? Shara ya kwaso ya kawo asibiti. A hannun wannan zan bar uwata?"

Likita ta sa aka shimfiɗa buhu a ƙasa, ta juye masakin, ta tsuguna tana warewa. Gefe ɗaya ta tara gauta da kifi da goro da 'yan ganyayyaki, ba su fi cikin kwano ba. Ɗaya gefen kuwa gutsattsarin alkaki ne da nakiya da dubulan, sun manne da juna sun yi tudu, sun isa a kai wa wata amaryar.

"Inna, wannan fa?"

"Ni ban ci wannan ba."

Nomau ya matso ya fara nunawa da yatsa. "Wannan na 'yar Uwani ne, ranar Litinin, sau shida, don tsami ya ƙi daidaita. Wannan nakiyar gidan liman ce, sau huɗu. Wannan dubulan ɗin gidan Barmo ne, shi kin ce ya yi tun farko, amma kin ƙara biyu."

Inna ta dafe haɓa. Ta daɗe tana kallon tudun, sannan ta ce a hankali, "Duk wannan a cikina ya kwana? A sati ɗaya?"

Likita ta ce, "Da yayyafi kogi kan cika, Inna." Sai ta zauna a kujera ta yi dariya irin ta wanda aka sauke wa kaya. "Alhamdu lillahi, ashe ba ƙwayar ce ta gaza ba. Yau ba zan rubuta takardar babban asibiti ba. A tsayar da ɗanɗano, a ba ni wata guda, mu gani."

Hansatu ta ce, "Amma Likita, shi ɗin nan fa..."

"Hajiya, da ke na sa, ko da ni ce, gauta da kifi za mu kawo a faranti, mu bar ɗanɗano a gida, don mu masu wayo ne, mun san ba ci ba ne. Da yanzu Inna tana hanyar birni."

Hansatu ta fita da kanta ta sauke ƙullin kayan daga mota, ta ɗora wa ƙanenta a ka, ta ce ya bi a hankali akwai madubi a ciki. Likita ta bi su har gida ta ga dangar. Ta ƙirga alamun da ke soke a jikinta, iri talatin da ɗaya, ta ce ko ita ba ta san yankin nan yana da abin motsa bakin mai suga har haka ba. Nan take ta soke dokar hana maimaici. Delu ta dafa ƙwai, Inna ta ɓare shi da hannunta, ta ci da ɗan yaji tana lumshe ido.

Mata ba su daina kawo faifai ba. Sai dai yanzu Inna tana duba launi, ta shinshina, ta karya alkaki kusa da kunnenta ta ji ƙararsa, Delu ce mai kaiwa baki. An ce hukuncinta bai taɓa kuskure ba. Da wata ya cika aka soki yatsa, suga ya sauko, Likita ta ce a ci gaba da ƙwaya da abin da ake yi, maganar allura a ajiye ta. Nomau ya fita waje ya zauna a gindin bango ya yi kuka, don daɗi ya yi masa yawa. Likita ta same shi a nan ta ce, "Ka ci gaba da kula da ita haka."

Ya share fuska ya ce, "Har yaushe?"

"Har sai na ce ka bari."

Shekara na zagayowa aka yi wa Malama Atine canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisa, ta tafi ba ta tuna ta ce masa komai ba. Yau shekara huɗu ke nan. In ka bi ta bayan maƙera da hantsi za ka ga Inna Yalwa a ƙofar ɗakin da aka kawo ta amarya, ta buɗe tafin hannu, Nomau yana durƙushe yana zuba mata gyaɗa. Ba a ce masa ya bari ba.